Tsirkiya Ta Yi Waƙa, Tsirkiya Ta Yi Amshi

(Kiɗan gurmi na buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Jama'a masu saurare, na cikin garin Dakoro da na ƙauyuka, tun daga Kornaka har Bermo, da makiyayan da ke rataye da rediyo a bakin rijiyoyin Tarka, shirinmu na yau na masu tsirkiya ne: mai gurmi, mai molo, mai garaya, da samarin nan namu da suka rungumi jita. Wanda bai taɓa riƙe ko ɗaya daga ciki ba, kada ya murɗa tasha, don shi ne alƙalin da ake yi wa kiɗan.

Ga abin da za mu tattauna. Mutum ɗaya ne zaune da abin kiɗansa. Babu mawaƙi, babu 'yan amshi, babu mai kalangu a gefe. Yaya zai yi waƙar ta fito cikakkiya daga hannunsa, har wanda ke wucewa a bayan danga ya ce, "Ai na san wannan waƙa"?

Ƙannena masu jita, da ku zan fara, kuma ku yi mini haƙuri. Da yawanku a waya kuka koyi kiɗa. Kun koyi danna tsirkiya uku ko huɗu a lokaci guda, abin da ake kira akor, kun haddace akor uku ko huɗu, hannun dama kuma yana ta sharar tsirkiyoyi sama da ƙasa. Muddin kuna rerawa da baki, abin yana da daɗi. Amma ku rufe baki ku bar jitar ita kaɗai, ku tambayi inna ko iya wace waƙa ce wannan. Ba za ta iya faɗa ba, kuma tana da gaskiya, don waƙar ba ta cikin kiɗan. Abin da ke ciki shimfiɗa ce kawai, wanda aka yi shimfiɗar dominsa bai iso ba.

Akwai wasu mutane can nesa da suka daɗe suna fama da wannan matsala, kuma sun samo mata hanya. Su ne makaɗan wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu da ake kira ukulele, ta tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik. A shekarar 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ƙwadago a Honolulu, mutanen tsibirin Madera na ƙasar Fotugal, waɗanda aka ɗauko don aikin gonakin rake. A cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da José do Espírito Santo da Augusto Dias, waɗanda suka san ƙera ƙananan jitocin garinsu. Daga hannunsu ukulele ta fito. Sarkin Hawai na lokacin, Kalakaua, ya so ta, ya shigar da ita fada, daga baya wani babban baje koli da aka yi a San Faransisko a 1915 ya yaɗa ta cikin Amurka. Shekara da shekaru ana ɗaukarta abin rakiyar murya kawai. Sai wasu gwanaye suka nuna cewa tana iya riƙe waƙa ita kaɗai. A 2006 wani hoton bidiyo na Jake Shimabukuro, yana kaɗa wata waƙar George Harrison ba tare da ya buɗe baki ba, ya zagaye duniya ta intanet, mutane suna mamakin yadda tsirkiya huɗu ke fitar da kari da shimfiɗa da bugu a lokaci ɗaya.

Ƙa'idarsu ba ta da yawa. Karin waƙa shi ne a sama. Duk sautin da murya za ta rera, shi ne zai zama mafi siriri a cikin abin da aka kaɗa, don kunnen ɗan Adam sautin da ya fi tsayi yake bi. Sauran tsirkiyoyin suna zama a ƙarƙashinsa. Sannan ba kowane sauti ake yi wa akor ba. Sai inda bugu ya faɗi da nauyi, wato inda ƙafarka ke taka ƙasa idan kana rawa. Tsakanin taku da taku, kari yana tafiya shi kaɗai.

To, a nan nake so mu dakata, don wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mu dai ba da akor muke yin sa ba.

(A saka kiɗan gurmi shi kaɗai, kamar daƙiƙa ashirin)

Kun ji? Gurmi ne, ƙoƙo da fata da sanda da tsirkiya biyu. Ku sake saurare da kunnen basira, za ku ji abu biyu na tafiya tare. Akwai sauti ɗaya da ba ya canzawa, yana ta dawowa, daga tsirkiyar da aka bari sake ba a danna ta ba. Akwai kuma wani da ke hawa yana sauka, daga wadda yatsun hagu ke dannawa. Na farkon shi ne ƙasa, na biyun shi ne mai tafiya a kanta. Haka Haruna Uji na Haɗeja ya yi da gurminsa. Haka marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker, malamin makarantar da ya kai gurmi ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Shi Maman Barka bai tsaya nan ba. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi tafkin Chadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, wurin tsohon da ya rage yana kaɗa shi. Mutumin da ya iya rabon aiki tsakanin tsirkiya biyu, biyar ba ta gagare shi ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi tak, kuma Ɗanmaraya ba ya yawo da 'yan amshi. Duk da haka ba ka jin wani gurbi a waƙarsa. Dabararsa ita ce saurin komawa gida. Yakan taɓa sautin kari, ya koma kan tsirkiya sake, ya taɓa wani, ya sake komawa, da saurin da kunne ke ɗauka cewa sautin gidan bai taɓa yankewa ba. In ya ja numfashi, kuntigin ne ke amsa masa. Ke nan ko da tsirkiya ɗaya ana iya jin murya biyu, in an san inda za a raba lokaci.

Rabon lokacin nan, iyayenmu mata sun fi kowa saninsa. Ku tuna lugude: mata biyu, turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan na sauka wannan na tashi, ba su taɓa karo ba, kuma daga nesa kiɗa ɗaya kake ji. Babban yatsa da manuni haka suke a kan tsirkiya. Babban yatsa yana riƙe da ƙasa, bugunsa ba ya gaba ba ya baya. Manuni yana shiga tsakanin bugun da kari. Wani lokaci su faɗi tare, a tsunkuli tsirkiya biyu lokaci guda, kuma nan ne wurin nauyi.

Wani abin sha'awa: ita ukulele, tsirkiyar da ke sama, wadda babban yatsa ke fara tararwa, siririya ce mai sauti sama, saɓanin jita da take da mafi kauri a wurin. Wanda ya san molo ba zai yi mamaki ba, don akwai gajeriyar tsirkiya da ba a danna ta, aikinta ta riƙa ƙyalli a cikin kiɗan. Irin wannan tsari yana nan a garayu da molaye da yawa na Afirka ta Yamma, kuma da shi bayin da aka kwashe suka haye teku, ya zama gajeriyar tsirkiyar banjo ta Amurka. Hanyar ukulele daban, tamu daban, amma hannu ya kai su wuri ɗaya.

Yanzu me ya sa akor ɗin da kuka koya a waya yakan yi wa waƙoƙinmu na gargajiya wani iri, kamar ba nasu ba? Dalilin lissafi ne. Kiɗan Turawa a kan sauti bakwai aka gina shi, waɗanda 'yan lakwal suka sani: do, re, mi, fa, sol, la, si. Galibin waƙoƙinmu na da, na noma, na daka, na gaɗa, na fada, a kan sauti biyar suke tafiya. In muka aro sunayen, sai mu ce do, re, mi, sol, la. Babu fa, babu si. To akor ukun da kowane littafi ke fara koyarwa su ne na do, na fa, da na sol. Na fa yana ɗauke da fa, na sol yana ɗauke da si. Ka ga ka shigo da baƙi biyu da waƙar ba ta gayyata ba. Si ɗin nan musamman, yana da jan kunne zuwa do, yana sa waƙa ta ɗauki ƙamshin coci ko na faretin soja, alhali mai waƙar bai nufi haka ba.

Ba cewa nake akor haramun ne ba. Waƙoƙin fim da ake haɗawa da fiyano a situdiyoyin Kano, da yawansu da sauti bakwai aka yi su, da ɗanɗanon Indiya, kuma akor yana zama musu daram. Abin da nake cewa, ka tambayi waƙar tukuna. Ka rera ta, ka ƙirga sautukan da take takawa. Abin da ba ta taka ba, kada ka cusa mata sai da dalili.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa dole kari ya fito fili a wurinmu fiye da wurin wasu. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma karin waƙa yakan bi hawa da saukar maganar. Shi ya sa makaɗi ke iya kaɗa taken mutum, babu wanda ya buɗe baki, amma mai taken ya miƙe tsaye don ya ji an kira shi. In ka binne karin a cikin taron tsirkiyoyi, ka binne maganar ke nan.

Bari mu zo ga aikin hannu. Na san samun ukulele a Dakoro sai an tona, amma duk mai jita yana da ita bai sani ba. Ka ƙirga gaɓoɓin wuyan jitarka, wato tsakanin ƙarafan nan da ke gicciye, ka kai ta biyar. Ka ɗora fensir a kanta ya danne dukan tsirkiyoyi, ka ɗaure shi tam da roba ta bayan wuyan. Siraran tsirkiyoyi huɗu na ƙasa yanzu sun zama sol, do, mi, la, kuma ɗaurin ukulele ke nan, sai dai sol ɗinka mai kauri ne. Ka lura da kyau: huɗu ne daga cikin sautukanmu biyar, tun ba ka danna komai ba. Re kaɗai ya rage, yana nan a gaɓa ta biyu ta tsirkiyar do. Kai mai jita ma ka fi mai ukulele gata, don kaurara biyun da suka rage a sama sun zama la da re. Biyar ɗin sun cika.

(A kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya)

Ka zaɓi waƙar da ka sani tun kana yaro, wadda ba ka buƙatar tunani kafin ka rera ta. Ka nemo karinta a kan siraran tsirkiyoyi biyu ko uku, sauti ɗaya ɗaya, babu rakiya. A tsirkiyar ƙarshe, in muka fara ƙirga daga fensir, sake la ce, gaɓa ta uku do, ta biyar re, ta bakwai mi. A mai bi mata, sake mi ce, gaɓa ta uku sol. Nan za ka daɗe, kuma nan ne mafi yawa ke gajiya su tsallake. Kada ka wuce wannan mataki sai ƙaramin yaro ya gane waƙar daga tsirkiya ɗaya. Ka kula da jan sauti da lanƙwasar da murya ke yi, ka kwaikwaye su da zamewar yatsa ko da buga yatsan hagu a kan tsirkiya bayan an kaɗa ta. Gurmi da molo ba su da ƙarafa a wuya, shi ya sa suke lanƙwasa yadda suka ga dama. Jita sai an lallashe ta.

Daga nan ka nemi inda waƙar ke sauka, sautin da take hutawa a kai in an kai ƙarshen amshi. Shi ne ƙasarka. In a do take sauka, tsirkiyoyin sol da do da mi a sake sun ishe ka, kuma duk sautin da ka danna a tsirkiyar ƙarshe zai zauna a kansu lafiya. In a la take sauka, ka danna tsirkiyar sol a gaɓa ta biyu ta koma la, ko ka ba babban yatsa tsirkiya mafi kauri. Da waɗannan kamu biyu kaɗai za ka ɗauki waƙoƙi masu yawan gaske.

Sai ka taka ƙafa. Duk inda ƙafa ta sauka da nauyi, ka sauke babban yatsa ta kan tsirkiyoyin ƙasa ya ƙare a kan sautin kari. Ga wurin da ake kuskure: in karin yana kan tsirkiya ta biyu, yatsanka ya tsaya a nan, kada ya zarce ya taɓa ta ƙarshe. In ya taɓa ta, ita ce kunne zai ɗauka a matsayin waƙar, kari ya ɓace. Tsayar da yatsa a tsakiyar tafiya ya fi sakin sa wuya, kuma a nan ake gane wanda ya zauna ya koya.

(A gwada sau biyu: na farko yatsa ya zarce, na biyu ya tsaya)

Kun ji bambancin? Tsirkiya ɗaya ce ta raba su.

Maƙwabtanmu Buzaye sun riga mu ɗora wannan tsari a kan jita. Ku saurari marigayi Abdallah Oumbadougou, ko Bombino na Agadas, ko Mdou Moctar na jihar Tawa, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Babban yatsa yana kan tsirkiya mai kauri yana maimaita sauti ɗaya, sauran yatsu suna zuba kari a sama, kuma waƙa takan yi minti biyar ba ta bar gidanta ba. Abin da kakanninsu ke yi da molonsu mai tsirkiya uku, tahardant, shi suka mayar kan tsirkiya shida. Ali Farka Ture na Mali ma daga ƙananan kayan kiɗan gargajiya ya taso kafin jita. Da wannan salo suka cika manyan dandali a Turai da Amurka, ba da akor ɗin littafi ba, kuma ina ganin ya kamata wannan ya ba samarinmu tunani.

Saura tsarin waƙar gaba ɗaya, don kari mai kyau in an maimaita shi sau goma iri ɗaya, gundura yake yi. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, suna raba waƙa zuwa gindi da ɗiya. Gindi shi ne abin da 'yan amshi ke dawowa gare shi, ɗiya kuma su ne abin da jagora ke kawowa tsakani. Kai da kake kai kaɗai, kai ne jagora, kai ne 'yan amshi, don haka sai ka bambanta su da hannu. Ɗan waƙa ka kaɗa shi siriri, tsirkiya ɗaya da ɗan bugun babban yatsa, kamar mutum ɗaya ke magana. In an zo gindi, ka buɗe hannu, tsirkiya uku ko huɗu su faɗi tare, taro ya amsa. In ka dawo gindin karo na uku, kana iya ɗaga shi sama, ko ka kaɗa kusa da jakin da tsirkiyoyi ke hawa don sautin ya yi kaifi. Ga kuma cikin jitar, katako ne mai amo. Ɗan bugu da gefen babban yatsa ko da farce yana tsaya maka a matsayin ƙwarya, kamar yadda ceba ke yi wa mai garaya kacau-kacau ba tare da ya ɗauki wani yaro ba.

Ka bar wa waƙar wurin numfashi. Inda mawaƙi zai tsaya ya ja iska, kai ma ka ɗaga yatsan kari, ka bar ƙasa ita kaɗai ta yi taku biyu. Sabon makaɗi tsoron wannan gurbi yake ji, sai ya cika shi da ado, har mai saurare ya rasa inda magana ta ƙare da inda wata ta soma.

Abu na ƙarshe, kuma na yanayinmu ne. Duk wannan tsari a kan tsirkiyoyin da aka bari sake ya dogara, saboda haka in ɗauri ya goce, komai ya goce. Zafin bazara yana sa ɗaurin tsirkiyar roba ya goce, hunturu yana busar da katako har ya tsage, damina kuma tana sassauta fatar gurmi sautinsa ya dushe. Kada a bar abin kiɗa a rana ko a jingine da bangon kwano. A duba ɗauri kafin kowace waƙa, a sake dubawa bayan an ɗaura fensir, don matsin robar yakan ɗaga sauti kaɗan.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki waƙar daka ɗaya ko ta gaɗa, ya fitar da karinta tsura, sannan ya sa mata ƙasa da babban yatsa, sauti ɗaya kawai. Kada a ƙara akor ko ɗaya tukuna. In akwai tsoho mai gurmi ko molo a unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku roƙe shi ya kaɗa a hankali, ku zuba wa hannunsa na dama ido. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko goge da kukuma, mu ji yadda ake wannan rabo in da baka ake jan tsirkiyar. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)